UWA DA 'YA'YANTA: YADDA MAJAMI'UN AREWA SUKA HAYAYYAFA

Idan ana maganar yaɗuwar addinin Kirista a Arewacin Nijeriya, abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne Turawan mishan. Gaskiya ne su suka kawo shi. Amma duk wanda ya zauna ya ƙidaya Turawan nan, sa'an nan ya dubi yawan majami'un da ke warwatse tun daga Kagoro har Garkida, zai ga lissafin bai tashi ba, domin Turawan ba su taɓa yin yawan da za su zauna a kowane ƙauye ba. Mafi yawan majami'un nan wata majami'a ce ta haife su, kuma wanda ya yi unguwarzoma a haihuwar wani talaka ne da ake kira mai bishara, wanda galibi ko firamare bai gama ba.

Bari mu ɗan koma baya. A ƙarshen shekarar 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato sunan da ake kiran wannan yanki namu da shi a lokacin. Kafin shekara ta kewayo biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani da SIM, ta samu wurin zama a Patigi. A 1900 kuma tawagar CMS ta Angilika, wadda Likita Walter Miller ke ciki, ta isa Kano, Sarki Alu ya ce su kama hanya. Miller ya samu zama cikin birnin Zariya a 1905, daga baya a 1929 aka mayar da aikin Wusasa. Karl Kumm na ƙungiyar SUM ya yada zango a Wase a 1904. Su kuma Stover Kulp da Albert Helser a gindin wata tsamiya a Garkida suka yi sujadarsu ta farko, a watan Maris na 1923, daga nan ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta samo asali.

Gwamnatin Turawa ba ta sakar wa 'yan mishan mara ba. Saboda alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa musu addini ba, an daɗe ana hana mishan shiga masarautun Musulmi, sai wajen shekarun 1930 aka sassauta, aka bar su suka buɗe asibitocin kutare da makamantansu. Saboda haka suka karkata ga ƙabilun Filato da kudancin Zazzau da Tangale da Adamawa. A nan wani abin mamaki ya faru wanda ya kamata mu marubuta mu lura da shi. Harsunan waɗannan wurare sun yi yawa, ba a iya fassara Littafi Mai Tsarki cikin kowanne, sai Hausa ta zama harshen majami'a a tsakanin mutanen da ba Hausawa ba. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ya zamana mutumin Kwoi da na Langtang da na Kaltungo littafi ɗaya suke riƙe da shi, za a kuma iya ɗauke wannan a kai shi garin wancan ya yi wa'azi a fahimce shi. In ba don haka ba, da wuya abin da za mu bayyana a gaba ya yiwu.

Tun a ƙarni na 19 Henry Venn, sakataren CMS a Ingila, ya kafa ra'ayin cewa ikilisiyar da aka dasa ba ta cika ba sai ta ɗauki nauyin kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta. 'Yan mishan da yawa sun yarda da wannan a baki amma suna nawa wajen sakin ragama. A ganina talauci ne ya taimaka wa ra'ayin ya tabbata. Karayar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930, da Yaƙin Duniya na Biyu da ya biyo bayanta, sun sa kuɗi da ma'aikata daga Turai da Amurka sun yi ƙaranci. Dole uwar na ƙi aka dogara ga 'yan ƙasa.

To, yaya majami'a ke haihuwa? Yawanci daga ƙafa abin ke farawa. Akwai wasu masu bi a wani ƙauye da ke taka mil biyar ko bakwai kowace Lahadi zuwa sujada, da damina rafi ya cika ya tare su. Ko kuwa wani ya yi ƙaura neman gona, ya tarar babu mai bi ko ɗaya a inda ya sauka. Sai magana ta zo gaban dattawan ikilisiya. In sun amince, sai su zaɓi wani daga cikinsu wanda ya iya karatu, aka kuma shaidi halinsa, a yi masa addu'a a sallame shi da matarsa, kamar yadda suka karanta cewa ikilisiyar Antakiya ta yi wa Barnaba da Shawulu. Zai je ya gai da mai gari, ya roƙi fili da gona. Da farko a gindin itace ko a zauren wani ake taruwa, sa'an nan a kafa rumfa, sa'an nan a yi gayya a gina ɗakin laka da dakalai a madadin kujeru. Wannan wuri ba a kiransa ikilisiya tukuna, gidan addu'a ne. Baftisma da jibin Ubangiji da ɗaurin aure duk sai fasto ya zo daga uwar majami'a, sau da yawa a kan keke. Sai ran da masu baftisma suka yi yawa, suka samu dattawansu, baikonsu kuma ya isa riƙe ma'aikaci, sa'an nan a yaye su. Ba a jimawa kuma su ma sai su fara duban ƙauyen da ke gaba.

Uwar ba ta yin wannan a banza. Ta rasa mutanen da suka fi himma, ta rasa baikonsu, ga shi kuma da kaka za ta tara dawa da gero ta aika wa wanda ta tura. Zumuntar mata ta ɗauki kaso mai tsoka na wannan nauyi, da ɗan kwanon hatsi da 'yan kwabban da ake tarawa mako mako, ko da yake ba safai ake ambatonsu ba in ana rabon yabo.

Shi mai bishara, me ke riƙe shi a baƙon wuri inda wani lokaci ko ruwan sha ana ƙyashin ba shi? Wanda ya san rayuwar irin waɗannan mutane zai ce tsarin yininsu ne. Kafin gari ya waye ya tashi, ya kunna fitilar ƙwai, ya karanta abin da ya sawwaƙa shi kaɗai, ya yi addu'a. Sa'an nan ya fita ya buga ƙararrawa, wadda sau da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne ko guntun ƙarfen dogo da aka rataye a itace. Mutum biyar ko goma su taru, a rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, a karanta 'yan ayoyi, a yi addu'a domin marasa lafiya da ruwan sama, kowa ya ɗauki fartanya. Shi ma gona zai nufa, don albashinsa, in ma akwai, bai isa ci da iyali ba. Da la'asar ya zaga gaisuwa da dubiya. Da dare ya tara iyalinsa a yi addu'ar gida, bayanta kuma ajin karatu, domin a wurare da dama ana so mai neman baftisma ya iya karanta Littafi da kansa. Ta wannan hanya dubban manoma suka koyi boko da Hausa ba tare da sun taka ƙofar makarantar gwamnati ba.

Wannan al'ada gado ce daga malamansu. Likita Andrew Stirrett, wanda aka fi sani da Bature Mai Magani, ya zo a 1902, ya sa hannu cikin fassarar Littafi Mai Tsarki, ya rasu a Jos a 1948, kuma waɗanda suka rubuta tarihinsa sun fi tunawa da shi kan abu biyu: tashin tsakar dare domin addu'a, da fita kasuwa wa'azi ba fashi. A makarantar Gindiri da SUM ta buɗe a 1934, da ta SIM a Kagoro, an horar da ɗalibai kan wannan tsari na addu'ar asuba da karatu da aikin gona. A 1938 aka naɗa Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, fastocin farko na ikilisiyar da yau ake kira COCIN. Daga baya aka shiga buga littattafan karatun kullum, irin su Abincin Yini, masu ba da aya da ɗan bayani na kowace rana, domin fasto da ɗan ikilisiya duka.

A nan zan ɗan ratse. Wusasa ta ba adabin Hausa Malam John Tafida, wanda shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi. Amma a ƙagaggun labaranmu an cika samun malamin zaure da alƙali da ɗan kasuwa da boka, shi kuwa mai bishara da kekensa da fitilarsa da matarsa mai koya wa mata ɗinki, kusan babu shi, alhali da Hausa ya yi rayuwarsa kaf.

Da tafiya ta yi nisa sai aka yi wa aikin tsari. A 1948 majami'un da SIM ta kafa suka buɗe tasu ƙungiyar aika masu bishara, wadda daga baya aka sa wa suna EMS, da kuɗin 'yan ƙasa. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, majami'un SUM kuma suka haɗu a inuwar TEKAS a 1955, wadda yanzu ake kira TEKAN. A farkon shekarun 1960 aka fara shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya kafu a kan ƙananan ƙungiyoyin addu'a na gida gida kafin a fita wa'azi. Rabaran Panya Baba ya shugabanci EMS daga 1970 zuwa 1988, a zamaninsa masu bisharar suka ƙaru ƙwarai, suka shiga cikin Maguzawa, suka ƙetara har ƙasashen maƙwabta. Angilika ma ta bi wannan hanya a babban mataki: a watan Satumba na 1990, ƙarƙashin Akbishop Joseph Adetiloye, aka yanki sababbin dayosis takwas a Arewa, wato Minna, Kafanchan, Katsina, Sakkwato, Makurɗi, Yola, Maiduguri da Bauchi.

Kada mai karatu ya ɗauka kowace haihuwa cikin daɗin rai aka yi ta. Akwai majami'un da rigimar dattawa ta haifa, akwai waɗanda ƙabilanci ya raba, kowa na son ya ji sujada a bakin ɗan garinsu. A birane kuma sai ka ga an raba sashen Hausa da na Turanci, matasa da masu albashi suka koma na Turanci, aka bar tsofaffi da ƙaramin baiko. Faston birni ya samu mota da ofis, amma taron kwamiti da aikin gini da lissafin kuɗi sun cinye masa safiya, har ya zama abin da ake yawan jan kunnen fastoci a kansa a tarurrukansu shi ne kada karatun Littafi ya koma na neman abin faɗa ran Lahadi kawai.

Haihuwa mafi ɗaci ita ce ta 'yan shekarun baya. Rikicin Boko Haram ya rusa majami'un Ekklesiyar 'Yan'uwa masu yawan gaske a kudancin Borno da arewacin Adamawa, a watan Oktoba na 2014 ma aka mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Mutanen Gwoza da Chibok da Michika da suka watsu zuwa Yola da Jos da kewayen Abuja da Kamaru, ba dattawa ne suka zauna suka aike su ba. Duk da haka a wuraren da suka sauka sun kafa rumfuna, sun samu wanda zai ja addu'ar safe, wasu daga cikin rumfunan nan kuma yau an yaye su sun zama cikakkun ikilisiyoyi.