Mujallun da Aka Buga Don a Zubar

A watan Satumban 1948 aka fara buga Kalle Anka & C:o a ƙasar Suwidin, mujallar labarai cikin zane wadda tauraronta shi ne Donald Duck na kamfanin Disney. Fantomen ta biyo baya a 1950. Manya ba su ga darajarsu ba. A 1954 ma Nils Bejerot ya wallafa littafi yana zarginsu da ɓata tarbiyyar yara. Yaro ya karanta, uwa ta share ta zubar. Wannan raini ne ya sa fitowar farko ta yi ƙaranci, har masu tarawa suke biyan kuɗi mai tsoka a kanta yau.

Sai dai wanda ya tsinci tarinsu a rufin tsohon gida kada ya yi saurin murna. An sake buga fitowar 1948 daga baya, kuma kwafin kan ruɗi mai gaggawa. Takardar kuwa mai arha ce: sinadarin asid na cin ta har ta yi ja ta riƙa karyewa, wayoyin da suka ɗinke ta suna tsatsa. Manna mata salatif ɓarna ce mai karya farashi. Wuri mai duhu da sanyi, marar danshi, take buƙata.