Asalin Kalma: Jam'iyya

Daga Larabci Hausa ta ari wannan kalma. Tushenta na nufin tarawa, kuma daga nan aka samu jama'a, Juma'a da jami'a, irin Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi. A wurin Larabawa, jam'iyya kowace irin ƙungiya ce. Ta siyasa kuwa hizbu suke ce mata.

Haka ta fara a Hausa. Jam'iyyar Mutanen Arewa, da ta yi babban taronta a Kaduna a 1949, ƙungiyar raya al'adu ce. Sai a 1951 ta rikiɗe ta zama ta siyasa. Tana cikin waɗanda suka yi kamfen a ƙuri'ar raba-gardamar 1961, lokacin da yankin Mubi ya zaɓi shiga Najeriya, har garin ya zama hedikwatar Lardin Sardauna.

Tun daga nan ma'anar ta ƙuntata. Yau jam'iyya mulki take nema. Masu matsa wa gwamnati lamba kan haraji ko burtali, kamar dillalan kasuwar shanun Mubi, direbobi da Miyetti Allah, ƙungiya ake ce musu. Jam'iyya na roƙon ƙuri'a, ƙungiya na bin bashin alkawari.