Masana'antar Ƙera Mabugai, Mazubai da Mariƙai

Wannan reshe ne na aikin ƙarfe da ke ƙera kayan da sauran masana'antu ke amfani da su wajen fitar da kaya masu yawa iri ɗaya. Ba a ganin hajarsa a kasuwa, amma ƙofar mota, gwangwanin madara, cokali, kwanon rufi da butar roba duk sun ratsa ta cikin abin da ya ƙera. Girman kowane ɗaya da siffarsa a jikin wannan kayan aiki suke. Idan an yi kuskure a can, zai bayyana a kan dubban kaya.

Nau'o'in kayan

Mabugi ƙarfe ne mai tauri, yawanci gida biyu, na sama da na ƙasa, da ake ɗaurawa a injin matsi. Ana zura fallen ƙarfe a tsakaninsu, injin ya danna, sai a yanke, ko a huda, ko a lanƙwasa. Akwai mabugi mai zango-zango, wanda doguwar tsiri ta ƙarfe ke bi ta cikinsa, kowane zango na yin nasa aikin, har kaya ya faɗo a gama a zangon ƙarshe. Mazubi kuwa rami ne mai siffar abin da ake so, inda ake tura narkakkiyar roba ko alminiyam da ƙarfi, a sanyaya, a buɗe.

Mariƙi aikinsa ya riƙe kaya a wuri guda, kada ya motsa yayin da ake yanka ko walda. Jagora tana riƙewa, tana kuma nuna wa abin huda ƙarfe hanya, ta yadda rami zai faɗa wuri ɗaya a kan kowane kaya ko da ma'aikacin sabo ne. Ma'auni shi ke tabbatar da cewa abin da ya fito bai wuce iyakar da aka yanka masa ba.

Tarihi

Sana'ar ta samo tushe daga neman sassan da za su shiga gurbin juna ba tare da an goge da hannu ba. A Faransa, Honoré Blanc ya gwada haka da kunamar bindiga, Thomas Jefferson ya ga aikin a 1785 ya kai labari Amurka. A can ne John Hall ya cimma burin a ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry cikin shekarun 1820, ta hanyar dogaro da ma'aunai da mariƙai. A Ingila, Henry Maudslay ya inganta injin sassaƙa zaren kusa a wajajen 1800, sannan Joseph Whitworth ya gabatar da daidaitaccen tsarin zaren a 1841.

A ƙarshen ƙarni na 19 Carl Edvard Johansson na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro tubalan awo, ƙananan guntayen ƙarfe da ake harhaɗawa su ba da tsayin da ake so daidai. A 1923 ya koma aiki da kamfanin Ford. Tarihin kamfanin ya nuna nauyin wannan sana'a: lokacin da aka daina ƙera Model T a 1927 don a koma Model A, sai da aikin haɗa mota ya tsaya watanni ana sauya injuna da mabugai.

Sauye-sauye uku suka biyo baya. A 1943 Boris da Natalya Lazarenko na Tarayyar Sobiyet suka gano yadda ake cin ƙarfe da tartsatsin lantarki, abin da ya ba da damar sassaƙa siffa mai wuya a ƙarfen da ya riga ya taurara. A 1952 aka nuna injin sassaƙa mai bin umarnin lambobi a jami'ar MIT, kakan injunan da kwamfuta ke sarrafawa a yau. A Japan, Shigeo Shingo ya yi fice da tsarin sauya mabugi cikin ƙasa da minti goma, aikin da a da ke cin sa'o'i.

Yadda ake aikin

Ana farawa da zane a kwamfuta, a sassaƙa ƙarfen tun yana da laushi, a gasa shi ya taurara, a wasa shi, sannan a gwada a inji. Sau da yawa kuskuren da aka yarda da shi bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Gyaran ƙarshe har yanzu na hannu ne da ido. Shi ya sa koyon sana'ar kan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar, ana haɗa lissafi da karatun zane da zama gaban maigida. Kayan na da tsada domin guda ɗaya ake ƙerawa, sai dai kuɗin na rabuwa kan dubban kayan da zai fitar.

Cibiyoyi

Masu sana'ar kan taru kusa da masu saye. Jihar Michigan ta Amurka da birnin Windsor na Kanada suna hidimar kamfanonin mota. Marinha Grande a Fotugal ya shahara da mazuban roba, haka ma Huangyan da Dongguan a Sin. Jamus da Japan suna kan gaba a aiki mai tsananin daidaito.

A Najeriya an kafa kamfanin ƙera injuna na Osogbo a 1980 tare da kamfanin HMT na Indiya, amma har yau yawancin mazuban da masana'antun roba ke aiki da su daga waje suke zuwa. Ƙasar da ke cikin wannan hali tana iya fitar da kaya, sai dai sauya samfuri ko maye gurbin mazubin da ya fashe na jiran jirgin ruwa da kuɗin ƙasar waje. Babbar matsalar sana'ar ko a ƙasashen da suka ci gaba ita ce tsufan ƙwararru da ƙarancin matasa masu koyo, domin inji ana sayensa cikin wata guda, amma maƙeri sai an raine shi shekaru.