Tsohon Kan Jirgi Mai Tururi a Ƙasar Hausa: Tarihinsa, Gyaransa da Kalmominsa

Jirgin ƙasa mai aiki da tururi bai taɓa shiga Maraɗi ba, bai kuma ratsa Tsibiri ko Jiratawa ba. Duk da haka, da wuya a sami wani ƙarfe da ya juya arzikin kwarin Gulbin Maraɗi a ƙarnin da ya wuce kamar yadda shi ya juya shi. Tun daga wajen shekarun 1930, gujiyar da manoman Katsina da Gobir na wannan yanki suke nomawa, wato abin da Kanawa ke kira gyaɗa, kudu ake kai ta a kan raƙuma da jakai, daga baya a manyan motoci, har ta iske dogo a ƙasar Ingilishi. Yau kawunan jirgin da suka ja wannan kaya sun ƙare sai ɗaiɗaiku, kuma tambayar da ta rage ita ce ko ana iya tada ɗaya daga cikinsu ya sake tafiya, da abin da wannan aiki yake bukata daga masana harshe.

Dogo na farko a Arewacin Nijeriya ɗan ƙarami ne. A 1901 aka shimfiɗa shi daga gaɓar kogin Kaduna, kusa da Wushishi, domin kai kayan ginin Zungeru, inda Lugga ya kafa hedkwatarsa. Faɗinsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 762 ne kawai. Babban dogo, mai faɗin milimita 1067, shi ne wanda ya taso daga Baro a bakin Kwara a zamanin Gwamna Girouard, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Talakawan sarakunan da ya ratsa ƙasarsu su suka yi haƙa da ɗaukar ƙasa, yawancinsu ba da son ransu ba, har kalmar diga, wadda asalinta sunan abin haƙa ne, ta zama sunan wannan wahala gaba ɗaya. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi waƙa a kan haka, wadda aka sani da Waƙar Diga. Daga Zariya aka fitar da wani siririn dogo zuwa Jos domin kwasar kuza, aka gama shi a 1914, aka rufe shi a 1957. Wani reshen kuma ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, kuma nan ne dogo ya fi matsowa kusa da Tsibiri a duk zamanin tururi.

Faransawa ba su ji daɗin ganin gujiyar mulkinsu tana cika taragun Ingilishi ba. Nasu dogon, mai faɗin mita ɗaya, ya taso daga Kwatano ya tsaya Faraku a 1936, bai ƙara gaba ba. Saboda haka a 1953 suka ƙago wani shiri da suka raɗa wa sunan tsuntsuwar nan tsattsewa, inda hukuma ke cika wa masu motoci kuɗin dako domin kaya su bi ta Dahome ko da hanyar ta fi tsawo. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar, wato OCDN, ta gaji aikin. Amma a wajen harshe, Kano ta riga ta ci kasuwa. Mutumin Maraɗi da bai taɓa ganin jirgi ba yana zuwa tasha ya shiga mota, kuma kalmar tasha daga Ingilishi ta shigo, a bakin dogo.

Kan jirgi mai tururi, in an duba shi da kyau, tukunya ce a kan ƙafafu. A bayansa akwai murhu, inda mai wuta ke zuba kwal da shebur. Zafin wutar yana bi ta cikin ɗimbin bututai da suka ratsa ruwan tukunya daga baya zuwa gaba, ruwan ya tafasa, tururin ya taru a sama ya matsu. Idan direba ya buɗe masa hanya, sai ya shiga cikin wasu gangunan ƙarfe biyu da ke gefe da gefe, ya tura abin da ke cikinsu gaba da baya, sandunan ƙarfe kuma su mai da wannan turi ya zama juyin ƙafa. Kwal ɗin daga Inugu yake zuwa, inda aka gano shi a 1909. Mafi shahara cikin kawunan jirgin ƙarshen zamanin su ne waɗanda aka fara kawowa daga Ingila a 1948, aka sa wa kowanensu sunan wani kogi. Ingilishi suna ƙirga ƙafafunsu su ce 2-8-2, Faransawa kuwa suna ƙirga sandunan da suka haɗa ƙafa da ƙafa su ce 141. Abu ɗaya ne, lissafi biyu, kuma duk wanda zai rubuta shi da Hausa don masu karatu na ƙasashen biyu dole ya zaɓi ɗaya ya bayyana dalili. Daga 1955 injin mai shan gas ya fara karɓe aiki, tururi ya yi ta ja da baya har ya ɗauke.

Abin da ya tsira kaɗan ne. Kan jirgin Wushishi, wanda kamfanin Hunslet na birnin Leeds ya ƙera, an ajiye shi a tashar Minna. Na siririn dogon Jos kuma an ajiye wasu a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Waɗannan duka ajiyar kallo ce.

A nan ya kamata a rarrabe gyara iri biyu, domin Hausa tana kiran su duka gyara, alhali tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce. Na farko shi ne a kankare tsatsa, a shafa fenti, a yi rumfa don kare ruwan sama. Maƙeri da mai walda na kowane babban gari suna iya wannan. Na biyu shi ne a mai da kan jirgin ya hura wuta ya ja kaya, kuma wannan sai an warware shi ƙusa bayan ƙusa. Ana ɗaga tukunyar daga kan gindinta, a cire abin da aka naɗe ta da shi don riƙe zafi, wanda a da yawanci asbestos ne, mai lahani ga huhun wanda ya shaƙi ƙurarsa. Sa'an nan a auna kaurin ƙarfen wuri wuri, domin tsatsa ta waje da ƙanzon da ruwa ke bari a ciki suna cin sa a ɓoye. Bututan duka akan sake su. Murhu ya fi kome wuya, saboda bango biyu gare shi da ruwa a tsakaninsu, kuma ɗaruruwan ƙusoshi ne ke riƙe da bangon biyu kada matsin tururi ya buɗe su. Idan an gama, ba a fara da wuta. Ruwan sanyi ake ɗura wa tukunyar, a matsa shi da famfo fiye da matsin da za ta yi aiki da shi, domin in akwai rauni ruwa zai tsiyaye ne kurum, amma tururi fashewa yake yi ya kashe mutane. Bayan wannan ne ake hura wuta kaɗan kaɗan. Ƙafafu kuma sai an feƙe bakinsu a kan injin sassaƙar ƙarfe, abin da ya ɓace na tagulla a sake zuba shi.

Tsadar wannan aiki ba ta wasa ba ce. Gidan tarihin jiragen ƙasa na York a Ingila ya ɗauki shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, yana gyaran Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923, kuma kuɗin ya haura fam miliyan 4. Misalin da ya fi dacewa da ƙasar Hausa shi ne na Eritiriya. Dogon da Italiyawa suka hau da shi daga Massawa a bakin teku ya isa Asmara a 1911, shekarar da na Baro ya iso Kano. Yaƙi ya kashe shi a shekarun 1970. Bayan samun ƴanci a 1993, sai hukuma ta kira tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka daɗe da barin aiki, su suka tada kawunan jirgin shekarun 1930, suka koya wa samari, har jirgi ya sake shiga Asmara a 2003. Ƙarfen yana nan a ajiye tun da can. Abin da ya kusa ƙarewa shi ne mutanen da suka san sunan kowane sashe da abin da sautinsa ke nufi.

Wannan shi ne wurin da abin ya shafi masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci. Kalmomin jirgi da Hausa ta riƙe, kamar dogo da tasha da tarago da fasinja da tikiti, kusan duka na matafiyi ne da ɗan kasuwa. Manyan ma'aikatun gyara suna Ikko da Inugu, da yawa daga direbobi da makanikai kuma mutanen kudu ne mazauna Sabon Gari, harshen aiki kuwa Ingilishi. Hausawan da suka yi aikin wuta da share murhu da shafa mai a Zariya da Kano babu shakka suna da abin da suke kiran kayan aikinsu, amma ƙamus na gama-gari, ko da irin na Bargery na 1934 ne, ba a yi shi don bin mutum cikin rumfar gyara ba. Wanda ya shiga aikin yana ɗan shekara ashirin a 1960 yanzu ya haura tamanin. Ɗaukar maganar irin waɗannan dattawa a rikoda, a gaban kan jirgin Minna ko na Jos, suna nuna sashe suna faɗin sunansa, ya fi zama a ofis ana ƙirƙiro kalma daga Faransanci ko Ingilishi. Inda aka rasa kalma, maƙeran Maraɗi da masu zubin tukwanen dalma suna da nasu kalmomin narka da zubi da feƙa, waɗanda kunnen Bahaushe ya riga ya saba da su. Taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 ya rage wahalar rubuta su iri ɗaya a ƙasashen biyu.

Lokaci kuma ya matso ta wani gefen. Dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai kai ga yin jigila ba. Amma a watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Samarin Jiratawa da Tsibiri da za su nemi aiki a kansa za su bukaci littattafan koyo da allunan gargaɗi da Hausa, kuma birki da sigina da haɗa tarago ba su sake ba don an bar kwal. Sai dai faɗin sabon dogon milimita 1435 ne. Ko da an gyara ɗaya daga cikin kawunan jirgin da suka ja gujiyar Maraɗi zuwa Ikko har ya hura wuta, ƙafafunsa ba za su hau wannan dogo ba, sai dai a ɗora shi a kan tarago a kawo shi kamar sauran kaya.