Yadda Makarantar Masu Bishara Ta Samu a Yammacin Ƙasar Kano

Wanda duk ya san ƙasar Gwarzo da Kabo da Ƙaraye ya san tun zamanin da akwai Maguzawa a cikinta, suna zaune a manyan gidajensu na gandu, nesa kaɗan da garuruwan Musulmi. Hausawa ne, harshensu Hausa, sana'arsu noma. Daga baya waɗansunsu suka musulunta, waɗansu kuwa suka shiga addinin Kirista, har suka sami malamansu na kansu waɗanda a ke kira masu bishara ko fastoci. To, su waɗannan malamai, ina suka yi karatu, me kuma aka koya musu? Ya kamata mu sani, domin zama da maƙwabci ba tare da sanin tarihinsa ba shi ke kawo zato, zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Asalin labarin ya faro ne daga bakin teku. Cikin 1893 waɗansu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasar Hausa su yi wa'azi. Shekara ba ta kewayo ba biyu suka mutu, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent a Bida. Bingham kaɗai ya tsira, shi ne kuwa ya riƙe ƙungiyar da aka sani da S.I.M. Cikin 1900 kuma wata ƙungiya dabam, ta Turawan Ingila, ta iso har birnin Kano, Bishop Tugwell ke gaba, da Likita Mila a cikinsu. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Da Turawan mulki suka ci ƙasa cikin 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka aka yi shekaru wajen talatin Turawan Mishan ba su da iznin aiki sosai a ƙasar Kano, sai dai a Sabon Gari wurin baƙi.

Abu biyu suka sāke al'amarin. Na fari, cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Mila ya daɗe yana yi a Zariya tare da mataimakansa. Na biyu, sha'anin magani. Cikin 1937, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta danƙa wa S.I.M. kula da asibitin kutare, cikin 1943 kuma suka buɗe asibitin ido a Kano. Ta wannan ƙofa suka sami shiga ƙauyuka, suka kafa zango a wurare irin su Roni da Ƙaraye da Kabo da Tofa, ko wane da ɗakin shan magani ko makaranta.

Amma ba a daɗe ba suka gane Bature ba ya iya wannan aiki shi kaɗai. Ko ya iya Hausa, bai san gaisuwar mutuwa ba, bai san yadda a ke shiga tsakanin uba da ɗa ba, bai kuwa iya zama a tsangayar ƙauye damina da rani. Ɗan gari shi ya san lungu. Don haka suka shiga kafa makarantun Littafi Mai Tsarki inda za a horar da 'yan ƙasa da harshen Hausa. Akwai babba a Kagoro, can kudancin lardin Zazzau, wadda ta faro tun cikin shekarun 1930. A ƙasar Kano kuwa aka kafa ta Tofa, yamma da birni, ita ce mafi kusa ga mutanen Kabo da Gwarzo.

Wanda ya yi karatun allo, in ya dubi tsarin irin waɗannan makarantu na farko, zai ga abin da ya sani. Ɗalibai magidanta ne, su zo da matansu da 'ya'yansu, a ba ko wane ɗaki da gona, ya noma abin da zai ci. Wanda bai iya karatun boko ba, daga a, ba, ca za a faro masa, daidai kamar yadda aka yi wa jama'a a ajin Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950. In ya iya, sai a bi da shi littafi littafi, daga Tsohon Alkawari zuwa Sabon Alkawari, yana haddace ayoyi. A koya masa tarihin ikilisiya, da yadda a ke shirya wa'azi, da waƙoƙin sujada, da ɗan lissafi don riƙon kuɗin baiko, da tsabta. Ran Lahadi a tura su ƙauyukan kewaye su gwada abin da suka koya. Mata su ma suna da ajinsu, gama matar mai bishara ita ce za ta zama uwar matan ikilisiya. Kalmomin karatun ma da yawa na makarantar ilmi ne: addu'a, annabi, almajiri, zunubi, gafara, Attaura, Zabura.

Sai dai wa'azi rana ɗaya ne cikin mako. Sauran kwana shida aikin mai bishara nasiha ne da sulhu, nan ne kuwa a ke gane wanda ya karantu. Ga mutum mai mata uku ya zo yana son a yi masa baftisma, dokar ikilisiya kuwa mace ɗaya. In ya saki biyu, ina za su, wa zai riƙe 'ya'yansu? Ga saurayi yana noma a gandun ubansa, ya ƙi sa hannu cikin yankan da a ke yi wa iskoki kafin shuka, uban ya ce to, ya bar masa gona. Ga mace wadda dafa giya ce jarinta, an ce ta bari, ba ta da wata sana'a. Ga rigimar dukiyar aure tsakanin gidan da ya tuba da gidan da bai tuba ba. Irin waɗannan ba a warware su da haddar aya kaɗai, sai da haƙuri, da sanin al'ada, da iya bakinsa. Mai gaggawa ya kan raba gida ya bar gaba. Mai hankali ya kan bi dattawa a hankali har a sami mafita. Har wa yau shi ne mai karanta wa mutane takarda, mai rubuta musu wasiƙa, mai raka marar lafiya asibiti.

Sannu a hankali ragamar ta koma hannun 'yan ƙasa. Cikin 1954 ikilisiyoyin da S.I.M. ta kafa suka haɗu suka zama ECWA, cikin 1976 kuma Mishan ta danƙa mata sauran ayyukanta. Gwamnati ta karɓi makarantun boko na Mishan cikin shekarun 1970, amma makarantun Littafi Mai Tsarki suka zauna hannun ikilisiya. Karatun kuma ya yi zurfi. Cikin 1959 aka buɗe kwalejin tauhidin Kirista ta Arewa, wadda daga baya ta zauna a Bukuru, cikin 1980 kuma ECWA ta buɗe tata a Jos. A irin waɗannan manyan makarantu da Turanci a ke karatu, har a ba da digiri. Nasihar nan da magabata suka koya ta wurin zama da mutane ta zama fanni mai zaman kansa, a na koyar da yadda za a saurari mai baƙin ciki, da yadda za a shirya ma'aurata, da lokacin da ya kamata a miƙa mutum ga likita.

Abin lura a cikin wannan tarihi shi ne, Turawa sun yi shekara arba'in suna ƙwanƙwasa ƙofa, amma abin da ya kafu a ƙauyukan yamma, manoma ne suka kafa shi, mutanen da suka koyi karatu da gemunsu, suka koma cikin danginsu da littafi a hannu. Ku da kuka sami takardar shaidar Yaƙi da Jahilci, ga abin tunani. Baƙaƙen da kuka koya su ne suka koya. Ko wane addini mutum ya ke bi, jama'a ba za su auna karatunsa da yawan littattafan da ya sauke ba, sai da yawan husumar da ya kashe da mutanen da ya fitar daga duhu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.