Awon Albarushi a Ƙasar Zagga

Bindiga ba ta daɗe da zama kayan talaka a wannan yanki namu na bakin Kwara ba. Maharbin Zagga ko Ka'oje ko Illo, da baka da kwari aka san shi, kuma mutanen Bargu da ke kudu da mu sun yi suna da kibiya mai dafi. A da, bindiga ta fada ce. Tarihin Kano ya ce ta Nufe aka kawo bindigogi zamanin Sarki Kumbari, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye masu bindiga suna tsaron sarki. Fataken Gwanja da ke tsallaka ruwa ta wajen Illo goro suke dawowa da shi, ba bindiga ba, domin sarakunan Asante sun hana a wuce da makami arewa.

Bayan yarjejeniyar Burasel ta 1890 Turawa suka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar mana mai ƙanƙara wadda ake ɗurawa ta baki. Ita maƙera suka kwaikwaya. Da motoci suka yawaita, sai suka koma yin bututun da ƙarfen sitiyari ko famfon ruwa, su sassaƙa ƙota da icce, su ƙera kunama a kan uwar maƙera. Dokar makamai ta 1959 ma ta ware wa irin wannan bindiga nata lasisin daban.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan sana'a shi ne awo. Ƙanen kakana maharbi ne, kuma na sha ganin sa yana ɗuri a zaure da asuba. Zai zuba albarushi a tafin hannu, ya dube shi, ya mai da kaɗan cikin ƙaho, sannan ya juye sauran a bututu, ya bi da tsumma, ya danna da siririn ƙarfe. Sai ya jera yatsunsa a kan abin da ya rage na ƙarfen a waje. Da wannan yake sanin nauyin ɗurin. Na zabo daban, na gada daban, na gyadon da ke ɓarna a gonar rogo daban. Da damina, idan albarushi ya sha raɓa, akwai nasa lissafin. Wata rana na ce, "Kaka, me zai hana a cika ta kawai?" Bai ce komai ba, ya nuna mini hannun wani abokin farautarsa da ke zaune, yatsu uku suka saura. Yaro kan yi shekaru yana riƙe wa maigidansa jaka kafin a yarda ya ɗura da kansa, kuma maƙerin da ya yi bindigar ya san wanda ya sayar wa.

Na yi zaton wannan ilmi ya ƙare a kan bindigar toka, sai wani tsohon soja maƙwabcinmu ya ba ni labarin bindigar FN, wadda suka riƙe a bariki. Kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ya fito da ita a 1953, daga baya masana'antar makamai ta Kaduna, DICON, wadda aka kafa a 1964, ta riƙa ƙera irinta. Akwai ɗan rami a jikin bututunta. Idan harsashi ya wuce, wani kaso na hayaƙin da ke korar sa yakan bi ta nan ya bugi fistin, fistin ya tura ƙarfen ciki baya, kwanso ya fice, sabon harsashi ya hau. A wurin akwai zobe mai lambobi da ake murzawa, shi ke ƙayyade yawan hayaƙin da zai yi aiki da wanda zai tsere waje. In ya yi kaɗan, kwanso ya maƙale. In ya yi yawa, bindiga ta riƙa dukan kanta tana dukan kafaɗar mai ita, ƙarafanta su gaji da wuri. "Malam," in ji shi, "lokacin hunturu, in ƙura ta shiga, sai ka ƙara mata. Kofur ɗinmu daga inda kwanso ya faɗi yake gane wanda bai gyara tasa ba." Awon nan ne dai na Kaka, ya tashi daga tafin hannu ya koma kan zobe.

Kalashnikov, wanda ya fito da tasa bindigar a 1947, wata hanya ya bi. Ya bar hayaƙi mai yawa yana bugun fistin kullum, ya sassauta tsakanin ƙarafa, bai sa zobe ba. Shi ya sa take tashi ko cikin laka ko cikin rairayi. Sojoji suna yaba mata kan wannan, kuma da gaskiyarsu. Ni kuwa ina ganin nan ne abin ya ɓaci mana. Bindigar da ba ta neman awo ba ta neman malami, yaro ɗan shekara goma sha biyar yana iya koyon ta da yamma ɗaya. Ita ce yau ke yawo a dazukan da ke tsakaninmu da Benin da Nijar, kuma maharban da garuruwa ke kira su tsare su, da yawansu har yanzu ta baki suke ɗurawa, harbi ɗaya sannan su nemi inda za su raɓe su sake awo.