Jijiya da Magudanar Jini: Gibin Kalmomi Tsakanin Likita da Majinyaci a Zangon Akra

Duk wanda ya taɓa raka mai hawan jini daga Alajo ko Nima zuwa Babban Asibitin Maamobi, ko aka tura su Korle Bu, ya ga kalmomi a takardar likita masu kama da juna: "vascular", "cardiovascular", "vasodilator". Tushensu ɗaya ne, kalmar Latin "vas", wato mazubi, da ƙaraminta "vasculum". Kalmar Girkanci "angeion" ita ma mazubi take nufi, haka Larabawa ke cewa "au'iya damawiyya", mazuban jini. Harsunan uku sun sa ido ne a kan abin da jinin ke bi ta ciki. A ganina, wannan ne ya ɓace a Hausar da muke yi wa majinyata bayani da ita, kuma rashinsa yana cin rayuka.

Kalmarmu ita ce jijiya, kuma mun ɗora mata kaya fiye da ƙima. Wadda ke harbawa a wuyan hannu jijiya ce. Koriyar nan da ma'aikaciyar jinya ke laluba a gwiwar hannu bayan ta ɗaure damtse da roba, ita ma jijiya ce. Haka farin zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, haka agarar da mahauci ke yankewa a jikin nama. Wannan ba kasawar Hausa ba ce. Tsofaffin Girkawa sun yi irin wannan haɗawar, har zamanin Herofilus na Iskandariya, wajen shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya rarrabe su ta hanyar feɗe gawa. Ibn al-Nafis, da ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu, sannan William Harvey na Ingila ya nuna kewayawarsa baki ɗaya a 1628. Bincike ne ya tilasta musu ƙirƙirar kalmomi, mu kuwa maganin ya iso mana kalmomin ba su biyo shi ba.

Idan aka ce wa dattijo, "Baba, jininka ya hau," abin da yake ji shi ne jini ya yi masa yawa. Maƙwabtanmu masu jin Twi ma ambaliyar jini suke kiran ciwon. Mai wannan fahimta ba a ganin laifinsa idan ya nemi wanzami ya yi masa ƙaho a rage jinin, ko ya ajiye ƙwaya da zarar kai ya daina sara. Alhali matsalar a bangon magudanar take: ta ƙuntata ko ta ƙandare, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, kamar tiyon da aka danne bakinsa da yatsa. Awon da ya kai 140 bisa 90 wannan matsin yake nunawa. Magani irin amlodipine sassauta bangon yake yi, kuma yana barin jiki sai bangon ya koma yadda yake. Shi ya sa ake sha kullum.

Abin ya fi muni a shanyewar ɓarin jiki. Iyali suna ganin hannun dama ya saki, baki ya karkace, sai a ce jijiya ta mutu, a kawo man zafi a shiga tausa. Hannun lafiyarsa lau. Magudanar jini ce ta toshe ko ta fashe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma sa'o'in farko da aka ɓatar a ɗaki su ne mafi tsada.

Akwai masu cewa a ari kalmar Turancin kawai, tunda matasan Zango na cakuɗa Hausa da Turanci. Ban gamsu ba, domin ko wanda ya yi boko ba ya jin mazubi a cikin "vascular". Tushen ma yana rikitarwa: "vas" ɗin da ke cikin "vasectomy" bututun maniyyi ne, ba na jini ba, kuma maza da yawa sun ɗauki aikin a matsayin dandaƙa. Abin da nake ba da shawara ya fi sauƙi. Masu fassara a asibiti, masu shirye-shiryen Hausa a rediyo da limaman da ke sanarwar lafiya bayan sallar Juma'a su daidaita a kan "magudanar jini", su raba ta biyu, mai fita daga zuciya da mai komawa, su bar "jijiya" ga mai kai saƙo da agara.